Famfon Sevdalin a Kan Gangara

Zuwa ga yayata Zulfiye,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Shukri da yara. Allah ya ba ki sauƙin gwiwar nan, ya sa mutanen Sifaniya su gane cewa ana iya cika gwangwanin barkono a zaune. Mu nan lafiya, irin lafiyar da ake amsawa in an tambaya. An haƙe dankali, ya yi kyau, sai dai babu masu ci. Makaranta na nan, yaran da suka rage mini ba su cika benci biyu ba, ina karanta musu waƙoƙin matattu suna kallon taga. Dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsun bayan garin Dospat, ba ta iso mu ba tukuna.

Kin tambaye ni a waya labarin famfon sadakar da muka yi wa marigayi ɗana Sevdalin, na ce miki an gama, ya yi kyau. Rabin zance na faɗa, domin uwarsa, matata Hayriye, na tsaye a bayana. Usta Jemal magini ya yi aiki tsakani da Allah. Ya jawo ruwa daga marmaron saman gonar Baba, ya gina da farin dutse, ya yi rumfa da benci, ya sassaƙa sunan yaron. Ruwa na zuba dare da rana. To kin san yadda matan garinmu suka ɗauki abin: lada ba ya fara isa ga mamaci sai wani mai wucewa, wanda ba dangi ba, ya tsaya ya sha. Ƙauyenmu kuwa kowa dangin kowa ne. Liman ya gaya wa Hayriye babu wannan a littafi, niyya ita ce komai. Ta ce masa shi bai taɓa karɓo ɗansa a akwati daga Beljiyam ba.

Wajen zaɓar wuri dattawa suka zauna a shagon kofi. Suka tsayar a kafa shi a tsohuwar hanya, ƙasan babbar kwana, inda masu alfadarai kan sauke numfashi in sun hawo daga kwari. Alfadarin ƙarshe ya mutu tun ina da gashi a ka, motoci kuma sun koma sabon titi. Amma Usta Jemal ya zo da hujja. Wasu samari daga Plovdiv sun bi duwatsu da fenti ruwan ɗorawa suna zana kibiyoyi, sun sa tsohuwar hanyar cikin zagayen masu yawon keke. Ya ce keke ai alfadari ne da ba ya harbi, inda wancan ya ji ƙishirwa nan wannan zai ji. Aka yi dariya, aka watse. Babu wanda ya je ya duba inda kibiyoyin suka nuna. Gangarawa ƙasa suka nuna, Yaya.

Sun zo kuwa, tun daga bazara. Jamusawa, da 'yan Holan, da namu na birni, tsofaffi sa'o'ina cikin matsattsun kaya masu ƙyalli, kowa da hular kwano da jakunkuna a gindin keke. Ta can bayan dutse suke hawa, su huta a ƙoli, su cika gorunansu a wani wuri, sannan su gangaro ta wajenmu kamar an jeho su. Hayriye kan fita bayan asuba da moɗa a hannu ta zauna a bencin. Sai dai ki ji fuu, wani ya ɗaga mata yatsu biyu daga kan birki, ya wuce. Ta jera tuffa a bakin famfon. Ta ɗaura jan ƙyalle a sanda. Maƙwabcinmu Sabri ya ce a bar masa aikin, ya koro tumakinsa ya cike hanya. Ranar sun tsaya, gaskiya. Sun ɗauki tumakin hoto, sun ɗauki Sabri, sun ɗauki Hayriye ba tare da sun tambaye ta ba, suka kurɓi ruwan gorunansu, suka yi godiya da harshenmu a karkace. Ɗaya ya wanke tayarsa a magudanar. A shagon kofi aka kwashe yamma ana gardama ko wankin taya na cikin sha. Sabri ya ce Usta Jemal ya gina wa iska famfo, Usta ya ce gara shi, bai mai da tumakinsa 'yan fim ba.

Ni ban sa baki ba. Tun bara abubuwa kan faru a gabana kamar a gidan wani. Ina ganin Hayriye na ramewa, ina jin tarin da ta kwaso daga zaman dutse, na ji likitar garin Devin ta ce in sanyi ya same ta a bencin nan to a shirya mata gado a asibiti. Na ji Hayriye kuma ta ce ba za ta daina zuwa ba sai an sha. Duk na ji, na adana, kamar yadda nake adana takardun jarrabawa.

Makon jiya na shiga rumbu neman igiya na tarar da keken Sevdalin a rataye. Ban yi wani tunani ba. Na sauke, na hura tayoyi, na sa wa sarƙar mai. Mai motar burodi ya ɗauke mu ni da keken har ƙoli, yana tambayata ko malamai sun fara gudun fansho ne. Na ce so nake in ga abin da baƙin nan suke gani. Na hau, na saki birki. Yaya, babu abin da suke gani. Iska na cika ido da hawaye, hannu na maƙale, tsakuwa na tsalle, mutum bai da wani buri sai kada ya mutu a kwanar gaba. Famfon kan fito ne bayan kwanar, kafin ido ya gaya wa hannu ya riga ya koma baya. Na hango farin ɗankwalin Hayriye, na matse birki, keken ya ƙi saurarona. Haka na wuce matata da sunan ɗana, ni ma fuu, ko yatsun ban iya ɗagawa ba.

Sai a gadar kwari na tsaya. Na zauna a bakin kogi na huta. Babu motar da za ta mai da ni, don haka na juyo da keken na fara hawa. Na taka feda har inda cinyoyin malamin adabi suka iya, wanda ba nisa ba ne, sauran na tura. Ban zo da gora ba. Rana ta yi tsaka, harshena ya zama kamar tsumma. Abin haushi, daidai inda na ce ko za a yanka ni ba zan ƙara taku ba, nan na ji ƙarar ruwa. Alfadaran sun san abin da suke yi.

Hayriye tana nan zaune. Ta dubi keken ta daɗe, ni ba ta dube ni sosai ba. Sannan ta tashi ta tara moɗar ta miƙo mini. Tun da aka gina famfon ban taɓa kai ruwansa baki ba. Na riƙe, na ce, “Nawa ai ba ya shiga, Hayriye, ni dangi ne.”

Ta ce, “Da ƙishirwa ka zo, Malam?”

Na ce da ita na zo.

Ta ce, “To sha.”

Na shanye, ta ƙara, na shanye. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Abin da na ji shi ne ruwan na da sanyi, ya kama mini haƙora. Ta ɗauraye moɗar, ta rataye ta a ƙusa, ta kwance jan ƙyallen ta sa a aljihu. Muka taho gida ina tura keken, ita kuma ta ɗora hannu a bayan sirdin, kamar mai koya wa yaro hawa. Ba ta cire ba har ƙofa. Tun ranar ba ta koma bencin ba, tarin ma ya fara sauka. Ban tambaye ta ko ladan ya isa ba, ke ma in kin kira kada ki tambaya. Tambaye ta waken bana.

Ki gaishe mini da Shukri, da Nermin da mijinta, da ƙaramin Feim da ban taɓa gani ba sai a waya. Inna Meliha na gaishe ki, ta ce har yanzu kina riƙe da tukunyarta. Allah ya jiƙan namu da suka riga mu, ya bar mana ku.

Ƙaninki,
Rufat