Kai Ɗaya, Launi Uku

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya shago, ya ciwon gwiwar nan taki? Ina fatan Baban yara ya samu sauƙin tari, yara kuma suna ƙalau. Mu ma nan lafiya, in kin cire abin da ya sa na ɗauki biro.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mai kiranki sau uku a rana. A takarda na rubuta na ɗauki hotonta na turo miki, don kin san bangon gidanmu, ko atishawa na yi 'yarki tana ji daga ɗakinta. Kuma in na kira ki, dariya za ki fara kafin faɗa, ni kuwa yau ba zan iya ɗaukar ko ɗaya ba.

Yaya, na ɓata wa 'yarki kai.

Kin san saura sati uku ta tafi makarantar koyon aikin jinya, kuma su shida za su zauna ɗaki ɗaya. Tun da takardar ta fito take min naci, wai ta gaji da baƙin gashi, tana so ya koma ruwan ƙasa, irin mai ɗan ja-ja in rana ta haske shi. Ta ce za ta je shago a yi mata. Ni da bakina na hana. Na ce shekara nawa na yi a shagonki ina miƙa miki mataji, me ya rage da za a nuna min? Na je na sayo hodar bilicin, mai haskaka gashi, da ruwan haɗinta, ko takardar da ke cikin kwalin ban tsaya karantawa ba.

Ranar Asabar da safe na zaunar da ita kan kujerar roba a bakin banɗaki. Na kwaɓa abin a tsohon kofi, na rasa burushi na ɗauko na goge baki. Daga gaban goshi na fara, tun daga tushe. Kafin in kai ƙeya kwaɓin ya fara bushewa, na ƙara ruwa da ka. Na ɗaura mata leda, na tafi duba tukunya, maƙwabciya ta tare ni da surutu ta taga. 'Yarki ta ce min kanta yana zafi, na ce ta daure, aiki yake yi.

Da na wanke, innalillahi! Tushen ya yi fari-fari kamar ɗan tsako. Daga nan sai ruwan lemo, sai ja, layi-layi, sai jelar ta tsaya baƙa da dabbare-dabbare. Kai ɗaya launi uku, har da ɗori. Ga hoton nan na haɗo, na ɗauka ba ta sani ba.

Da ma kuka ta yi, da na samu abin rarrashi. Madubi kawai ta kalla ta daɗe, ta ɗauki ɗankwali ta ɗaure tamau. Da shi take kwana. Na miƙa hannu in duba mata ta kauce, kuma tun ranar ba ta bar ni na taɓa kanta ba. Yarinyar da tun haihuwarta ba wanda ya taɓa yi mata kitso sai ni. Babanta ya tambaya me ya faru gidan ya yi tsit, na ce kai ne ke mata ciwo. Kunya ta hana ni faɗa masa gaskiya.

Hodar ta rage rabi. In sake shafawa a inda bai ci ba, ko in haɗa duka? Kafin ki tambaya, ba a taɓa sa mata komai ba, daga man kwakwa sai maganin amosanin da nake shafa mata. Don Allah ki ba ni amsa yau, faɗan ki ajiye sai mun haɗu.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kin wuni lafiya, gwiwa ta yi dama. Na gode da ba ki kira ba.

Saƙon muryarki na saurare shi a kicin, na buɗe famfo don kada a ji. Kin wanke ni tas, kuma ban ga laifinki ba. Na ji abin da kika ce: kada in kuskura in sake shafawa, a bar gashin ya huta aƙalla sati biyu, mai kawai, ba zafi, ba kitso mai ja. Na kuma gwada abin da kika ce in gwada. Na tsinci silin da ya maƙale a matajinta na jiƙa na ja, sai ya miƙe kamar cingam ya tsinke a hannuna. Saura ƙiris ranar Lahadi in lallaɓe ta mu sake. Hodar tana cikin shara yanzu.

Kin ce tushe ya fi haske saboda ɗumin fatar kai, wannan kuskuren kowa ne. Amma kin ce layukan nan ba bilicin ya yi su ba, tono su ya yi, kuma shekara ashirin da biyar kina wannan aiki ba ki taɓa ganinsu a kan da bai sha rini ba. Sai kika tambaye ni sunan maganin amosanin. Sau uku kika maimaita.

Ba shi da suna, Yaya. Baƙin rini ne. Nakan juye shi a kwalbar da na ɓare wa takarda, in zuba ɗan mai a kai. 'Yarki ba ta taɓa yin amosani ba.

Kin tuna gashinta tana ƙarama, ja-ja, mai laushi, irin na kakarmu ta wajen Baba. Lokacin Babanta yana zaune ba aiki, kowa ya san halin da muke ciki. Tana da shekara uku na kai ta asibiti da zazzaɓi, wata ma'aikaciya ta ɗaga mata hula a tsakiyar layi, ta murza gashin da yatsa, ta tambaye ni da ƙarfi me nake ba yarinyar nan ta ci. Mata suka juyo. Surukata tana tsaye kusa da ni. An ɗora ta a sikeli aka ce nauyinta daidai, ba abin da ya same ta, amma wannan a cikin ɗaki aka faɗa, ni kaɗai na ji. Washegari surukata ta aiko da gwangwanin madara. Wallahi da mari ta aiko da ya fi min sauƙi.

Na zo miki da kuka, kika ce gado ne, in fita harkar gashin yarinya. Na ce to. Daga shagonki na wuce wani kantin na sayi rinin. Na ce sau ɗaya ne, sai ta ɗan yi ƙiba. Da tushe ya fito ja na sake, na kuma sake, sai ga shi duk bayan sati uku, shekara goma sha biyar. Kowa ya ɗauka girma ne ya baƙanta shi, har ke. Ita kuma in ta ga tushen ya yi ja, nakan ce amosanin ne ya fara cin gashin, ta zo da kanta ta zauna a gabana ta ce in sa mata magani. Har godiya take min.

Shi ya sa na hana ta zuwa shago, na san hannun ƙwararre yana taɓawa zai gane. Kuma ga wautar da na yi: na ɗauka bilicin kamar wanki yake. Na zaci zai wanke baƙin, nata na asali ya fito, ta samu launin da take so, ni kuma in rabu da kwalbar nan ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ban san rini ba ya fita ba, sai dai ya tona wanda ya shafa shi.

Ni 'yasu, yarinya tana neman launin da Allah ya ba ta, uwarta ce ta binne shi.

Ina roƙonki abu biyu. Kada ki gaya mata. Sannan ki faɗa min ko akwai yadda za a daidaita kan nan kafin ta tafi ba tare da ta sani ba. Tana ɗakinta tana shirya kaya, na ga ta sayi huluna huɗu na kwana.

Taki mai jin kunyarki,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya masu zuwa shago? Na ji an ce gwiwar ta sa kin koma aiki a zaune, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da shirun sati biyu, fushi na yi da ke, kuma ba ni da gaskiya.

Duk abin da kika rubuto an bi. Na kwafa mata a takarda na tura ta ƙarƙashin ƙofa, ita take shafa man da kanta, ta wanke da shamfun nan mai shuɗi da kika ce yana kashe ruwan lemo. Ya ɗan lafa, gashin ya daina tsinkewa. Na gane dabarar da kika ce: ba za a bi baƙin a haskaka shi ba, hasken za a sauko da shi, a rufe duka da ruwan ƙasa mai duhu, a datse jelar. Amma kin ce ba za ki faɗa min lambar rinin ba sai na faɗa mata gaskiya. Ranar na kira ki muguwa a zuciyata ya fi sau goma.

Shekaranjiya da hantsi ina yankan albasa ta shigo kicin, kai a buɗe, karo na farko. Ta sunkuyo ta raba gashin da yatsu ta ce in duba. Sabon tsiro ya fito, bai kai faɗin farce ba, ruwan ƙasa mai ja-ja. Fuskarta cike da murna. Wai ashe bilicin ɗin ya shiga har cikin fata, ga shi yanzu launin da take so yana fitowa da kansa, kuma amosanin ma bai dawo ba. Ta ce in yafe mata shariyar da ta yi min.

Yaya, ƙofa ce aka buɗe min. Da na ce eh, shi ke nan, har abada. Na buɗe baki in ce eh ɗin, sai na ga wannan tsiron, na tuna rabona da in bar shi haka tun tana riƙe zanena. Na ajiye wuƙa na faɗa mata duka, asibitin, madarar, kwalbar. Ban kalle ta ba, albasar nake kallo.

Ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi, wai duk ranakun da take tashi da sassafe ta wanke matashin kanta don kada ƙawayenta su ce ƙazama ce mai amosani, ina kallonta? Na ce ina kallo. Ta fita. Da Babanta ya dawo na faɗa masa shi ma, ya zauna bakin gado ya ce shi ya ɗauka tun tuni na manta da ranar asibitin.

Jiya na gaya mata dabarar taki, na ce yanzu za ki ba mu lambar. Ta ce a gode miki, amma ba abin da zai sake hawa kanta, ko baƙi ko ja. Ta shiga ɗaki ta fito da almakashin ɗinki ta miƙa min, ta ja kujerar roba ta zauna ta ba ni baya. Na ce ta bari a kai ta shago. Ta ce wanda ya shafa shi zai cire.

Na yanke, Yaya. Gashin da ya sauka har kafaɗa, na bar mata abin da bai wuce gaɓar yatsa ba. Gefen hagu ya fi na dama tsawo, sai kin gyara in ta zo miki hutu, don ta ce wurinki za ta fara sauka. Saman yana nan fari-fari, sai ya ƙara tsiro a datse. Na share gashin na ƙulle a leda, na rasa inda zan kai shi, yana ƙarƙashin gadona. Kan dai ta bar ni na taɓa, amma har yanzu ba ta haɗa ido da ni ba.

Jibi za ta tafi. Ɗazu ta leƙo ta ce tana son hotonta na yarinta, wanda gashinta ya fito, ta ga yadda take kafin in gyara ta. Haka ta ce, kafin in gyara ta. Na sauke akwatin hotuna na zazzage a kan gado, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Tana rarrafe, tana tsaye jikin kujera, tana kan cinyar Babanta. Babu ko ɗaya da ban sa mata hula ba.

Don Allah ki duba naki. Lokacin da na bar miki ita tana rarrafe, sati guda ina jinyar Baba, na san ke ba kya rufe wa yaro kai. Ko ɗaya ne, ko ya dushe, ki turo kafin jibi. Kada ki turo min, ita za ki tura wa.

Ki gaida Baban yara da yara. Allah ya bar mana ke.

Ƙanwarki,
Auta