Teburin Bakin Ƙofa

Litinin, 9 ga Nuwamba, 1998

Matata Justina ta cika da hantsi. Wata bakwai tana fama, yau ta huta. Ni ma na sami numfashi, Allah ya yafe mini. Shekara arba'in da huɗu muna tare.

Talata, 10 ga Nuwamba

Matan coci sun cika kicin suna kwaɓa burodin makoki. Isbrand Harder, dattijon cocinmu na Mennonite (nasu, zan ce), ya zo yana murza hula a hannu. Wai a cin abincin bayan binnewa za a ware mini tebur daban. Doka ce: wanda aka yi wa baftisma ba ya cin abinci tebur ɗaya da wanda aka fitar daga coci. Ni kuwa tun 1969 suka fitar da ni, don na sa motocina a hanya ran Lahadi, na kuma ƙi tashi in nemi gafara gaban jama'a. Da babbar mota ɗaya na fara, yau ina da sha shida, ba da taimakon kowa ba.

Na ce, "Isbrand, tare muka saci kankana muna yara, yau kai za ka nuna mini wurin zama?" Ya ce, "Diedrich, ba ni na rubuta ba."

A makokin matata! Kabari kawai zan je, in juyo gida.

Laraba, 11 ga Nuwamba

Justina ba ta taɓa karya dokar ba, ba ta kuma taɓa bari na ci ni kaɗai ba. A gida tebur biyu take haɗawa, tazarar yatsa a tsakani, ta rufe su da zane ɗaya. Na sha yi mata dariya. Takan ce, "Ci miyarka, za ta huce."

Alhamis, 12 ga Nuwamba

An binne ta. 'Yata Greta ta riƙe mini hannun riga har cikin zauren coci, ban so in fizge gaban mutane ba. Teburin yana bakin ƙofa, kofi ɗaya a kai. Na zauna.

Sai ga Lena, babbar jikata, tana jan kujera ƙiii. "Kaka, matsa mana, ka tare wuri kamar tirelarka!" Sauran jikokin suka biyo ta, su goma sha ɗaya. Babu wanda aka yi wa baftisma a cikinsu tukuna, dokar ba ta hau kansu ba. Ashe Justina ce ta kira su ɗaya bayan ɗaya a watan jiya, ta tsara musu.

Isbrand ya dube mu, ya tashi da kansa ya ƙaro kofuna.

Na ci burodi huɗu.

Lahadi, 22 ga Nuwamba

Na je duba ko ƙasar kabarin ta lotsa, shi ke nan abin da ya kai ni. Suna waƙa a cikin coci. Sanyi ne ya sa na shiga, bencin ƙarshe. Ashe ban manta baiti na biyu na waƙar ba.