Mai Burodi Ya Ƙi Cewa Wayyo

Auta ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, amma kada ki karanta mata wannan, don da ɓacin rai na rubuta ta.

Kin tambayi jikin maigidana. Ciwon dajin da ke gefen wuyansa bai ƙaru ba, alhamdulillahi. Mai ciwon ne ke neman ajalina.

Ban da hasken da ake kashe ƙwayoyin cutar da shi, likita ta ƙara masa maganin ɗumi. Na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi, ina ta jero tambayoyi, har nas ta fara sauya hanya in ta hango ni. Ana kwantar da shi, a ɗora masa jakar ruwa a wuya, a sauko da kan inji bisa jakar, ya ɗumama kumburin kamar zazzaɓi mai tsanani. Ɗumin yana raunana cutar ne don hasken ya fi cin ta. Sharaɗi ɗaya aka ba shi. Wayoyin auna zafi ba sa kaiwa ko'ina, saboda haka in wani wuri ya yi masa zugi, ya faɗa a rage. Magana kawai, Auta, abin da aku ma ke yi kyauta.

Mutumin naki ya yi gum. Wuta na cin fatarsa, ana tambayarsa, yana gyaɗa kai wai lafiya lau. Da aka ɗauke jakar sai ga bororo a ƙarƙashin kunne. Likita ta dakatar da ɗumin sai ya warke, ta ce in ya sake za ta cire shi gaba ɗaya, ita ba za ta ƙona mutum da hannunta ba.

A cikin tasi na tsare shi. Wai shi da ya yi furfura a bakin tanda ba zai yi wa nas sa'ar 'yarsa raki a kan ruwan ɗumi ba. Wai kuma a lissafinsa, iya zafin da ya jure, iya cutar da ta mutu. Na ce burodinsa ma in ya ƙone zubarwa ake yi, ba a cewa ya fi nuna. Na ce jarumtar da za ta sa ni takaba ya riƙe kayarsa. Direba ya ƙara muryar rediyo.

Tsoro nake ji, Auta, ke kaɗai na faɗa wa. Amma ba zan zauna girman kai ya raba shi da magani ba.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Sarkin Faɗa

*

Auta ƙanwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na samu amsarki. Kin ce in bi shi da lallashi. Lallashin ne ya kai mu ga bororo.

Ƙunar ta warke, an mai da shi kan maganin ɗumin. Na roƙi likita ta bar ni in zauna ta wajen ƙafarsa. Na shaida mata cewa bakinsa na iya ƙarya, ƙafarsa ba ta iyawa: tun muna amarci, in abu ya yi masa zafi, yatsun ƙafarsa ne ke dunƙulewa. Ta yi dariya ta amince. Na cire masa safa da hannuna, yana harara ta.

Inji ya kama aiki, yatsu suka dunƙule, na ɗaga murya na ce a rage, ƙafa ta yi magana. Nas ta rage, tana danne dariya. Daga ranar ta daina tambayarsa, ni take tambaya yaya ƙafar Baba. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Na ce ya yi ta fushin, mai rai ne ke yin sa.

Jiya muna ciki, na ga yatsun sun fara motsi, na buɗe baki ke nan ya riga ni. Da murya kamar ta mai ba da umarni a gidan burodinsa, ya ce wa nas, 'yata, a rage, ta bayan kunne yake ci, kuma a gaya wa matar can ni ma ina da baki. Na fita baranda na yi kuka, na goge fuska, na dawo na ce ai na ji.

Likita ta ce zai ƙarasa maganin. Ko kumburin ya ja baya, sai an yi hoto za mu sani, kuma ban yi wa kaina alkawarin komai ba. Ku ci gaba da addu'a. Yanzu kina iya karanta wa Inna wannan, ban da zancen rakin da ya yi wa nas, don ya roƙe ni kada ma'aikatansa su ji.

Allah ya bar zumunci.
Yayarki mai ƙaunarki, Sarkin Faɗa