Duwatsun Mahaifiyata Sun Yi Kore

Assalamu alaikum Daeng Rannu, mai amsa wasiƙun masu neman shawara. Don Allah ki duba min wannan magana, ba ni da wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya.

Shekarata ashirin da shida. Tun rasuwar babana nake aiki a tafkunan kifin bolu na wansa, Puang Sakka, can bakin kogi. Ni nake watsa takin yuriya don gansakuka ta fito kifi ya ci. In ruwa ya tsufa sai in ɗaga ƙofar tafki ya fita kogi, in shigo da sabo. Puang in bai ga ruwa kore shar ba, sai ya ce wai gishirin miya nake barbaɗawa ne, ko rowa nake da kayan wani. A da buhu biyu muke sawa, yanzu biyar.

Mahaifiyata, Indo' Sennang, kawa take ɓamɓara, wato irin dodon koɗin nan na teku mai manne wa dutse, a duwatsun da ke inda kogi ya shiga teku. Ta gasa a wutar ɓawon kwakwa, ta sayar da yaji da ɗanyen mangwaro. Da wannan ta raine mu. A nan kowace mace da duwatsunta, ita wurin uwarta ta gaji nata, har sunaye ta sa musu.

Bara suka fara kore. Wata ciyawa mai santsi ta lulluɓe su, in ruwa ya ja sai ta ruɓe a rana, wari kamar na ɓataccen ƙwai. Ƙananan kawa ba sa samun wurin kamawa. Manyan kuma ka buɗe ka tarar da baƙar laka.

Ni mutum ne mai kallo. Duk ranar da na saki ruwa sai in yi tsaga da wuƙa a katakon ƙofa. Bayan kwana shida ko bakwai, sai koren duwatsun ya ƙaru. In na saki a kwanakin da teku ba ta ja da ƙarfi, ya fi muni. Tsaga goma sha ɗaya, bai taɓa saɓawa ba. Duwatsun Indo' ne ruwanmu yake fara tararwa.

Ita kuwa cewa take laifinta ne. Wai shekarar da baba ya rasu ba ta kai wa bakin kogi shinkafa mai launi huɗu da ƙwai ba, yadda kakanni suke yi. Bana sau biyu ta kai. Ni na riƙe mata tiren, da hannun da ke warin taki. Ranar Talata santsi ya kwashe ta, gwiwa ta fashe, ta ɗaure da tsumma ta ce hakan ya dace da ita. Yanzu wai za ta ari kwalekwale ta riƙa zuwa duwatsun bayan tsibiri, inda igiyar ruwa take da ƙarfi. Ba ta iya iyo ba.

Ni dai ba na jin komai, Daeng. Ina ci, ina salla, ina watsa taki. Ko da ta faɗi, tsayawa na yi ina kallon jinin a kan koren. In na faɗa, Puang zai ce na tozarta shi bayan ya riƙe ni. In na yi shiru, za ta shiga kwalekwalen. Yaya zan yi?

Mai ɗaga ƙofar ruwa

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Wanda ba ya jin komai ba ya yin tsaga goma sha ɗaya. Gajiya ce da ɗaukar kaya kai kaɗai.

Idonka bai yi maka ƙarya ba. Takin nan naitirojin ne, abincin tsiro. Abin da tafki bai cinye ba kogi zai kwasa, ciyawar dutse ta ci ta bunƙasa, in ta ruɓe ta shaƙe abin da ke ƙarƙashinta. Amma ba kai kaɗai ba ne. Gonakin shinkafa na sama da sauran tafkuna duk suna zubawa. Puang ma ba mugu ba ne, ya taso ne ana cewa koren ruwa shi ne albarka.

Kada ka je masa da zargi, je masa da kifinsa. Tambaye shi ko ya lura suna tasowa da asuba suna haki, don yawan taki ne yake jawo hakan. Roƙe shi tafki ɗaya ka gwada buhu biyu. Kada ka saki ruwa a makon da ka sa taki, kuma ka jira kwanakin da teku take ja sosai. Ka gayyato malamin kiwon kifi na yankinku ya ga tsagoginka, in magana ta fito daga bakinsa Puang ba zai ji kunya ba. Duk ranar da ruwa ya canza launi ko kifi ya mutu, kada a ci kawa.

Amma kafin duk wannan, Indo'. A kai ta a duba gwiwar. Sannan yau, ba gobe ba, ka kama hannunta ka kai ta gaban ƙofar nan ta ƙirga tsagogin da yatsanta. Ƙila ta yi fushi, ka jure. Fushin kwana biyu da ɗanta ya fi mata sauƙi a kan shekara guda tana tuhumar kanta. In ta san daga inda koren yake zuwa, kuma abu ne mai gyaruwa, ba ta da dalilin shiga kwalekwale.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyar Puang, ya nuna muku ranar da za ta sake ganin launin duwatsunta.

Daeng Rannu