Sawun Yaro a Bakin Rijiyar Baba

Bodinga,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Haliru, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta jini, ina fatan wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Fatimatu da ɗiyanku baki ɗaya. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka ga kasuwarka, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri. Mu nan lafiya muke, sai gwiwata ta hagu da ka sani, wadda ba ta barin in yi sujada yadda nike so. Damina ta yi kyau gwargwado, gero ya shigo rumbu, albasar fadama kuma ta fara kai. Goggo Nana Fatima ta Mandera ta yi jinya har munka tsorata, amma ta tashi, ta zo nan ta ci tuwo ta yi wa kowa faɗa, munka tabbata sauƙi ya samu. Matar ɗana Naziru ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa mishi sunan Baba.

Malam Zainulabidin ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗi, tunda ka san ni ban yi boko ba. Na roƙe shi kada ya sassauta mini ko kalma. Bawa direba zai kawo maka ita hannu da hannu in ya sauke albasa, don na gaji da waya. Duk sanda anka kira mini kai, ko ka ce layi ba kyau, ko in ji muryar Fatimatu tana cewa yanzun nan ka fita. To, takarda ba ta da layi, Haliru.

Maganar dai ita ce wadda ka sani, maganar rijiya. Tun shekarar da anka raba gidan Baba, rijiya ta faɗa ɓangarenka, ni kuma na dafa Alƙur'ani gaban Liman da mai unguwa na ce ba ni taɓa komi na rabonka sai da izininka. Kai ka nemi in rantse, ni kuwa na rantse, ban ko tsaya tunani ba. Ba a jima ba ka tafi kudu ka bar ɗakunanka a rufe, ka ce mu ci gaba da shan ruwa. Tun lokacin nike roƙon ka abu guda: ka bar ni in ɗaga bakin rijiyar da bulo, in sa mata murfi. Ka san yadda take, bakinta daidai da ƙasa, sai gumaguman giginyar nan da Baba ya gitta, waɗanda igiya ta ci har ta yi musu kwari. Na aika maka da baki, na aika ta hannun Goggo, na tare ka ranar jana'izar Inna na sake yi maka maganar, ka ce ba ranar ba ce. Ban taɓa jin ranar ta zo ba. Marigayiya matata Nana Hauwa da zane take ɗaure ɗiyanmu a jikin turmi in za ta ja ruwa, haka ta rene su duka. A ciwonta na ƙarshe, da jikokinta sunka fara rarrafe, sai da ta tambaye ni ko Haliru ya amsa. Na ce mata tukuna. Da wannan tukunar ta tafi.

Na san abin da ke ranka ko ba ka faɗa ba. Ka ga abin da ya faru a Horo Birni, lokacin da Maniru ya zagaye rijiyar kakansu da bulo, bayan shekaru ya tsaya gaban mutane ya ce wanda ya zuba siminti shi ke da wuri, dangi sunka watse a kanta. Kana ganin in na ɗora bulo guda, gobe ɗiyana za su ce rijiyar ubansu ce. Wannan zato shi ya fi yi mini ciwo, ya fi shirun kanshi. Ni na goya ka zuwa gona. Ni na sha bulalar Baba ranar da ka bar jaki ya shiga gonar mutane. Amma ban rubuto don in lissafa maka wannan ba, akwai sabon abu.

Ka san tun rasuwar mijin ɗiyata Atika ta dawo gida da marayunta. Ɗiyar nan ba ta zauna tana jiran hannun kowa ba. Ta ga ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da ake turowa Bodinga daga wasu garuruwa ba su da uwa ko ƙanwa a nan da za su bar wa jariri, sai ta gyara ɗakuna biyu na gaban gida ta buɗe wurin renon yara. Da safe a kawo su, bayan la'asar a ɗauka. Da farko ban so ba, na ce gidan Baba ba kasuwa ba ne. Amma da shi take ciyar da ɗiyanta, da shi ta sa babban makaranta, kuma in faɗa maka gaskiya gidan ya yi rai. Har wata 'yar mitsitsiya, Nusaiba, ɗiyar wata nas ce 'yar Shagari, ba ta yarda ta sha kunu sai ta ja mini gemu.

To, ashe irin wanga wuri sai da lasisi. Atika ta kai takardunta, kwanan baya sai ga mota ta tsaya ƙofar gida, da wata mata daga Sakkwato ana ce mata Malama Ramlatu, tare da dubagari na nan garin. Matar nan ba ta kai Atika shekaru ba. Ta gaishe ni har ƙasa, ba zan yi mata ƙarya ba, amma daga nan ta shiga gidan ubana tana leƙe kamar mai neman ɓatacciyar allura. Ta ce a sa raga a tagogi. Ta ce bakin masai ya yi faɗi, a rage shi a yi mishi murfi. Ta ce a rufe ramukan wuta na bango, a ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara. Ta shiga zaure ta ga maganin feshin albasata a rataye cikin gorar lemo, inda nike rataye shi tun kafin a haife ta, ta ce wannan kam ko kwana ba zai sake yi a gidan ba, don yaro lemo zai gani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata mu da munka girma a gidan nan ba raga ba tukunyar gobara, ga mu da furfura. Ta ce haka ne Baba, Allah ya ƙara nisan kwana, amma waɗannan ɗiyan mutane ne, amana ce.

Sai munka zo rijiya. Na nuna mata zanar da ke tsakanin ɓangarena da naka, na ce ga shinge nan, kuma tun zamanin Baba ko ɗan akuya bai taɓa faɗawa ba. Ina cikin faɗa, muryata har waje, ita kuwa ta zagaya bakin rijiyar tana duban ƙasa. Can ta tsuguna ta ce in zo in gani. Ka san taɓon nan da ke taruwa inda ake zubar da ragowar guga, inda agwagi ke wanka. A cikin sawun agwagin akwai sawun ƙafar yaro, Haliru, ƙafa ba takalmi, ba ta kai tsawon yatsana ba. Yatsun sun fito sarai, sabo ne, taɓon bai ko bushe ba. Tsakaninshi da gungumen giginya bai fi tafin hannu ba. Daga nan sawun ya juya ya koma. Ba wanda ya ga fitar yaron, ba wanda ya ga komawarshi. Agwagi ya biyo ta ƙasan zana inda sunka huda. Ban san abin da ya juyo da shi ba, in ba Allah ba.

Atika ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Da yamma da take wanke wa yaran ƙafafu kafin iyayensu su zo, na gan ta tana riƙe ƙafar kowane tana dubawa. Har yau ba mu san ko wane ne ba. Wani lokaci in Nusaiba ta hau cinyata sai in tsinci kaina ina auna ƙafarta da yatsana.

Duk abin da matar nan ta lissafa mun yi shi. An sa raga, an gyara masai, maganin feshi na kai shi bukkar gona ko da yake har yanzu ina ganin an yi mini shisshigi. Zanar ma na sake sabuwa na danne ƙasanta da duwatsu. Na ciro tsohon ƙyauren ɗakina na kifa a bakin rijiyar, tunda wannan ba gini ba ne, bai taɓa rantsuwata ba. Da dubagari ya dawo ya ɗaga ƙyauren da ƙafa guda, ya ce bai isa ba, tunda kullum sai an buɗe an ja ruwa, kuma wata rana wani zai manta. Abin da suke so shi ne a ɗaga bakin ya kai ƙugun babba, a sa murfin ƙarfe da kwado. Malama Ramlatu za ta dawo ƙarshen watan nan. In ta iske an yi, ta sa hannu a ba Atika lasisi. In ba a yi ba, za a rufe wurin, kuma ta faɗa mini cikin ladabi cewa ko kuka zan yi ba ta sa hannunta a kan buɗaɗɗiyar rijiya. Na so in ji haushinta, na kasa. Labari kuma ya riga ya fita. Wata malama ta ɗauke ɗanta, uwar Nusaiba ta ce za ta jira ta ga ƙarshen wata.

Mai unguwa ya ce in kira magini kawai, wa zai kai ni ƙara don na rufe rijiya. Liman ya ce rantsuwar da ta tare alheri ana warware ta a yi kaffara, har ya karanto mini hujja. Naziru ya ce shi zai gina da hannunshi, tunda ba shi ya rantse ba. Duka na ce a'a. Ana kaffara ne in ba yadda za a yi. Kai kana raye, kana da baki, kana da waya har biyu in ji Bawa. Don me zan warware abin da na ɗaura gaban Alƙur'ani saboda ƙanena ya ƙi buɗe baki ya ce to? Kuma in na gina a bayan idonka, na zama Manirun da kake zato ke nan. Atika ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma ta daina haɗa ido da ni in ta kawo tuwo, kuma na san tana ganin taurin kaina zai cinye abincin marayunta. Wataƙila tana da gaskiya. Amma taurin kan nan gida guda munka gado shi, ni da kai.

Ka san inda nike wuni yanzu? A bakin rijiyarka. Tun sanda za a kawo yaro na farko nike shimfiɗa buzuna a gindin zogalen nan, ba ni tashi sai an ɗauki na ƙarshe. Azahar ma nan nike yin ta, Atika ta tsaya mini har in sallame. Albasata na can fadamar Lambara tana son ban ruwa, na bar wa Naziru da nashi aikin. Abokan hirata na bakin kasuwa suna aiko tambaya ko an naɗa ni sarkin rijiya. Dattijo da furfura, ina korar agwagi da sanda. Kuma ina gyangyaɗi, Haliru, wannan shi ke ba ni tsoro. Shekaranjiya na farka na iske sandar ta faɗi daga hannuna, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Ga abin da na yanke, kuma ban taɓa sassautowa haka ga wani mahaluki ba. Bulo da siminti da murfi duk ni zan yi, ba na neman komi daga aljihunka. Ranar da za a shafe bakin, tun siminti na ɗanye, zan sa Malam Zainulabidin ya rubuta sunanka a jiki da ƙusa, da boko da ajami, Rijiyar Haliru, gaban Liman da mai unguwa. Makullin kwadon guda zan ba Bawa ya kawo maka Fatakwal ka rataya inda kake so. In na mutu, duk ɗan da ya ce rijiyar ubanshi ce, a kama hannunshi a kai shi ya karanta.

Ka gaishe mini da Fatimatu, ka ce mata ba da ita nike ba, na san aike ta ake yi. Ka gaishe da Khalid da Habibu da ƙannensu, Allah ya yi musu albarka. Goggo Nana Fatima tana gaishe ka, ta ce in ƙara da wata magana, na ce Malam ba zai iya rubuta ta ba. Naziru da mai jego suna gaisuwa. Atika ma ta ce a gaida Baffa, ita ke nan abin da ta ce.

Bawa zai kwana biyu yana jiran lodi kafin ya juyo. Kada ka ba shi atamfa ko sabulu ya kawo mini kamar bara, ban aike shi sayayya ba. Kada ka ce za ka zo da Sallah mu zauna, Sallah tana bayan ƙarshen wata. Kalma guda nike so daga bakinka, ko to ko a'a. In a'a ce, ka faɗe ta kai tsaye, in san abin da zan gaya wa Atika, in kuma san abin da zan gaya wa Nana Hauwa in na iske ta. Na yi shekaru ina tambaya, yaron nan kuma sau guda ya juya, ban san ko zai sake juyawa ba. Ka amsa mini, Haliru.

Ni ne yayanka, uwa ɗaya uba ɗaya,
Mainasara.