Dankalina da Sabon Shugaban Injin Bincike

Zuwa ga sabon shugaban kamfanin da injin bincikensa ke cikin wayata.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan ka kama aiki lafiya. Sunana Ladi, ina zaune a Anguwan Rukuba a Jos, ina noman dankalin turawa a bayan gari. A rediyo na ji cewa wanda ke kan kujerar ya sauka, kai ka hau, kuma wai ƙananan kamfanoni sun taso za su ƙwace muku masu bincike. Tun ranar nake ta saƙe-saƙe, shi ya sa na ce bari in tambaye ka da kaina.

Na farko, damuwata. A daminar bara ana tsakiyar ruwa da hazo, ganyen dankalina ya fara baƙi kamar an babbaka shi. Na danna wayata na yi magana da Hausa, na faɗi abin da nake gani. Me ya fito? Tallar masu sayar da magani a Legas, sai shawarar manoman ƙasashen da ƙanƙara ke rufe gona. Haba, ranka ya daɗe! Kafin in samu malamin gona, rabin gonar ya tafi. Wallahi na yi kuka.

Na biyu, abokan gasar taku. Maƙwabciyata a gona, Maman Nanret, ta koma wani sabon injin bincike da ke amsawa kamar mutum. Hausarsa tsaf, har da "sannu da aiki". Ya faɗa mata magani da yawan da za ta zuba, babu ko shakka a bakinsa. Ta fesa, ganyen ya ƙone ƙurmus. Naku ya bar ni a duhu, nasu ya kai ta rami da fara'a.

Na uku, abin da nake son sani. A kasuwar Farin Gada, ranar da mai sarin dankali ɗaya tak ya shigo da mota, ko gaisuwarmu ba ya amsawa. Ranar da suka zama biyu, har ruwan sanyi ake saya mana. To ku ma haka abin yake? Yanzu da aka fara matsa muku, za ka waiwayo ka ji me irinmu ke tambaya, ko za ka saye ƙananan ne ka koma kai kaɗai a kasuwa? Kuma ni fa ban zaɓe ku ba, a cikin wayar na tarar da ku. Da an ba ni zaɓi tun farko, kana ganin zan tsaya?

Damina ta ƙarato, irin da ya rage mini kaɗan ne. Idan ciwon ganyen ya dawo na sake rasa amsa, ta bana ce shukata ta ƙarshe.

Roƙona, ku nemi malaman gonarmu na Filato, abin da suka sani ya riƙa fitowa kafin talla. In kuma hakan ya yi muku nisa, ku koya wa injin nan ya ce "ban sani ba, je ki nemi malamin gona yau." Duk wanda ya riga koyon wannan a cikinku, shi zan bi, kuma zan ja matan layinmu gaba ɗaya.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka mashawartan da ba sa jin kunyar faɗin gaskiya.

Wassalam.

Ladi,
Anguwan Rukuba, Jos.