Takwarar Hajiya da Manhaja Uku

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Hajiya ta sake tayar da maganar jiya. Ina kicin amma ina jin muryarta ta wayar Abbansu, don ita in tana waya kamar da wani a bayan katanga take magana. "Sanda, ka turo min takwarata. Yarinya shekara goma tana zaune a ɗaki, ni kuma ga makaranta a bakin ƙofata." Shi kuwa ba abin da yake cewa sai "to Hajiya, to Hajiya."

Da ya ajiye sai ya ce sun yi matsaya. Tun da muka iso Dubai bara a tsakiyar zango, saboda jinkirin biza, ba mu samar wa Umma gurbi a ko'ina ba, ni nake koyar da ita a gida. Yanzu wata makaranta kusa da mu a nan Abu Hail ta ce za ta yi mata jarrabawar shiga a watan Mayu. In ta ci, sai aji shida a Satumba. In ba ta ci ba, ajin ƙasa ya cika, sai ta koma Zariya wurin Hajiya. Yana cire safa yake faɗa min, kamar zancen cefane.

Ni me zan ce? 'Yar fari ce, kuma sunan uwarsa gare ta, Ummulkhair, shi ya sa muke ce mata Umma. A gidanmu ko sunan 'yar fari ba a kira, balle a tsaya gaban suruka a ce ba za a iya rabuwa da ita ba. Amma a nan zan rubuta. Ba na so. Wallahi ba na so.

Talata, 14 ga Janairu

Na tambaya a guruf ɗin matanmu na nan wace manhaja zan bi. Da na sani na yi shiru. Wata ta ce ta Ingila, wata ta ce ta Amurka ta intanet, wata ta ce in bar duk wannan in sa ta hadda kawai. Wata kuma ta turo hoton atamfa da turare, wai in akwai mai so.

Ni da na yi shekara uku ina koyar da 'yan aji huɗu a Zariya, yau ga ni ban san ta inda zan fara da 'yar cikina ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Maman Elvis, Irene, maƙwabciyarmu ta hawa na uku, ta kawo min littattafan ɗanta na bara, na tsarin Ingila, irin wanda makarantar take bi. 'Yar Kafanchan ce, nas ce, daga aikin kwana ta biyo ta nan ko kayan aikin ba ta cire ba. Da sunan ƙanwar Umma take kirana. Ta ce, "Maman Muhsinat, ki kama guda ɗaya ki riƙe, khalas, shi ke nan. Kar ki riƙa tsalle-tsalle." Na ce to.

Mun fara. Darasin farko labarin wani yaro ne da ya fita share ƙanƙara a ƙofar gidansu. Umma ta tambaye ni ko daga firji ta zubo. Na yi dariya, sannan na sake duba shafin. In haka tambayoyin suke fa?

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kaya sun iso daga Zariya ta hannun Alhaji Ɗalhatu mai kago, Abbansu ya biya ya karɓo a kan hanyarsa daga wurin aiki a Al Quoz. Kuka, daddawa, yaji, sai kuma littattafan aji shida na gida, sababbi fil. Hajiya ce ta sa aka sayo, wai "don takwara ta fara sabawa."

Ta fara sabawa! Wato an riga an gama magana ke nan.

Na ɗauki kuka da daddawa. Littattafan na ɗora su can saman wadirof, bayan akwati.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Lissafin rabawa ya tsaya mana. Ni yadda aka koya min daban, yadda littafin Ingila ya tsara daban. Na nuna wa Umma nawa, ta gane. Muka koma na littafi, ta rikice. Da rana na biya wa manhajar Amurkar nan ta intanet na gwaji, in ga ko bidiyo zai fi shiga kanta, sai ga wata baturiya da hanya ta uku, da akwatuna-akwatuna. Yanzu ko wadda ta iya da safe ta manta.

Muhsinat kuma ta samu fensir ta zane bango daga ƙofar falo har bakin banɗaki. Ita ce ta fi kowa ƙwazo a makarantar nan tawa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na daka wa Umma tsawa har ta saki fensir. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Abbansu ya ga ban da walwala, ya ce mu fita. Muka je Bur Dubai, muka hau abra muka tsallaka ruwa. Ni ko a cikin jirgin ban bar Umma ta huta ba. Mu nawa ne a ciki, in aka raba mu benci biyu fa? Abbansu ya ce, "Haba Khadijatu, ki bar yarinya ta kalli ruwa mana."

Da muka dawo na ce masa, shi ba zai iya gaya wa Hajiya a bar maganar ba? Ya ce shi uwarsa ce, ita kaɗai ce a gida sai jikokin da ake kawo mata da rana, ba zai iya ba. "In kina da ja, ga waya, ki faɗa mata da bakinki." Ya san ba zan iya ba. Shi ya sa ya faɗa.

Talata, 11 ga Maris

Azumi. Karatu da safe kawai, kafin in shiga kicin. Umma tana kai azuminta, ta rame, idanu sun fito. Kullum da an buɗe littafin lissafi sai ta ce cikinta. Maman Elvis ta duba ta, ta danna nan ta danna can, sannan ta ja ni bakin lif ta ce, "Cikin lafiya lau yake. Ke ce ciwon." Ta faɗa tana dariya, amma ni ban ji daɗi ba. Ita nata ɗan ba wanda ya ce a turo masa shi.

Na soke ta Amurka. Mun koma ta Ingila ita kaɗai. Da tun farko na ji maganar matar nan.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Mun yi idi, mun dawo, an yi ado, aka kira Zariya ta bidiyo. Tsakar gidan Hajiya cike da yara, ana ta guje-guje, wani na jan tunkiya. Umma ta manne da waya kamar za ta shige ciki. Hajiya na tsokanarta, "Ƙawata, har yanzu kina cikin kejin naku?" Ita kuma ta ce, "Ke dai tsohuwa ki ajiye min gadona." Rabon da in ji dariyarta haka har na manta.

Sai Hajiya ta ce a ba ni. Muka gaisa, na yi mata barka da Sallah. Can ta ce, "Khadijatu, Sanda ya ce min kamar ranki bai so zancen nan ba. Ko kina da magana?"

Ga dama ta zo har hannuna. Abbansu na gefe yana kallona. Bakina da kansa ya buɗe ya ce, "Haba Hajiya, ai taki ce. Ni riƙo kawai nake yi miki."

Ta yi ta sa min albarka. Ta ce ita dama ta san gidan da na fito.

Na shiga kicin na tsaya gaban tukunyar miya. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai da na ji ƙauri.

Asabar, 5 ga Afrilu

Saura jarrabawa kawai ke nan. Ba ni da wani abin riƙewa sai ita.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ta fara gane rabawa ta hanyar littafi. Rubutun Turancinta ma ya gyaru, sai dai har yanzu in aka ce ta rubuta labari, layi huɗu ta tsaya. Na ce ta rubuta abin da ta yi jiya. Ta rubuta: na tashi, na yi karatu, na leƙa taga, na kwanta. Na ce ta ƙara. Ta ce, "Mama, ai shi ke nan abin da na yi."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na rasa ta inda ta yi ƙarya.

Zafi ya fara. Ko ɗan filin da ke ƙasan bene ba ya zaunuwa sai bayan la'asar, shi ma yaran wurin duk da kayan makaranta suke zuwa, sun san juna, yarensu daban. Ita sai ta tsaya kusa da lilo riƙe da hannun Muhsinat.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ina shanya a baranda na ji magana a ɗakinsu. Na leƙa. Umma ta jera filo biyu da 'yar tsanar Muhsinat a kan gado, kowanne ta ba shi suna, sunayen 'ya'yan ƙannen Abbansu na Zariya. Khairunnisa, Aishat, Nana Firdausi. Ba makaranta suke yi ba ma, gulma suke yi. Tana yin muryar wannan, ta juya ta amsa da muryar waccan, har da tafawa da filo.

Na koma baranda a hankali. Na sake shanya abin da na riga na shanya.

Ban gaya wa Abbansu ba. In na faɗa, ai na ba shi hujja.

Litinin, 19 ga Mayu

Gobe ne. Na fere fensir, na goge kaya, na yi addu'a har na rasa me zan ƙara. Allah ka sa ta ci. Na maimaita ya fi a ƙirga. Sau ɗaya bakina ya ce "Allah ka zaɓa mata mafi alheri," na yi sauri na koma ta farko.

Talata, 20 ga Mayu

An yi. Na zauna a wurin jira da wasu iyaye, kowa na danna waya, sanyin esi ya yi min yawa har yatsuna suka sandare. Da ta fito na ce yaya? Ta ce lafiya. Lissafi fa? Ta yi. Rabawa ta fito? Ta fito, guda biyu, ta yi ta hanyar littafi. Labari fa? Ta ce an ce su rubuta a kan wurin da suka fi so, ta cika shafi har ta juya baya.

Umma da ba ta wuce layi huɗu. Ban tambayi wane wuri ta rubuta ba.

Sun ce sai nan da mako biyu za su kira.

A hanya, muna jiran fitila ta ba mu hannu mu tsallaka, ta ce, "Mama, in na faɗi za ki ji haushina?" Na ce a'a, wa ya gaya miki. Fitila ta ba mu hannu. Har mun tsallaka sannan ta ce, ba ta kalle ni ba, "In na ci kuma, shi ke nan ba zan je ba ko?"

Na ce ta yi sauri, rana.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban yi komai ba yau. Indomi suka ci.

Asabar, 24 ga Mayu

Makaranta ba su kira ba tukuna. Abbansu ya ce in kwantar da hankalina, yana ji a jikinsa ta ci. Wataƙila ma ta ci ɗin.

Tun da ba karatu, na ce bari mu rage zaman banza. Na kashe injin wanki, na tara ruwa a bokiti a banɗaki, na nuna mata yadda ake wanke ƙananan kaya da hannu, a cuɗa, a ɗauraye sau biyu, a shanya inda idon mutane ba ya kaiwa. Na koya mata ɗaura zani yadda ba zai kwance ba ko ta yi gudu. Sau uku yana zamewa, muna ta dariya, Muhsinat ma ta jawo tawul wai ita ma. Na nuna mata yadda ake durƙusawa a miƙa wa babba ruwa, da cewa in an yi mata faɗa a gidan mutane ba a ɗaga ido, ba a kuma kai ƙara ta waya. Ta ce, "Ko wurinki?" Na ce ni daban ce. Ni ko ƙarfe nawa ne.

Maman Elvis ta shigo karɓar littattafanta, ta same mu jiƙe sharkaf. Ta kalli bokiti, ta kalli injin, ta kalle ni. Ta ce, "Wannan kuma wace manhaja ce?" Na ce injin ne yake ƙara. Ta dafa kafaɗata ta fita, littattafan ma ta manta su.

Ba wai wani abu ba ne. Duk 'ya mace ya kamata ta iya waɗannan, ko a ina take zaune. Ban yarda da komai ba, ban kuma ce wa kowa komai ba.

Gobe sai tsifa. Gara ta iya tsefe kanta da kanta, ta taje, ta shafa mai. Gashinta akwai cika ga taurin tsiya, tana kuka in an ja, kuma Hajiya hannunta da zafi.